Littafin Kofur Sharu

Kibiya,
saura kwana goma sha takwas Babbar Salla.

Zuwa ga Abdulganiyyu akawu, a ofishin 'yan doka.

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Ramlatu. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ta hagu ta kumbura, shi ya sa ka ga takarda ba ka gan ni ba. Rubutun nawa ne, ba wanda ya yi mini. Rani biyu na zauna a ajin yaƙi da jahilci da furfurata, mata suna dariya. In harafi ya karkace ka karanta shi haka nan.

Tunda shekara shida ba ka tako Kibiya ba, bari in tuna maka. Ubanka da marigayi mijina kakansu ɗaya. Ni ce Lami mai daddawa, wadda ta yi jinyarka da ka yi ƙyanda uwarka tana kwance.

Ka san abin da ya faru, ta ofishinku ya bi. An tsinci Gali mutumin Rurum a gindin jigonsa na ban ruwa a fadama da hantsi, an fasa masa kai da ƙotar fartanya. Kofur Sharu ya iske shi da sauran magana, ya rubuta abin da ya ce a littafinsa na aljihu. Daga nan bakin Gali ya rufe, har yau ko ruwa ba ya iya cewa a ba shi. Bayan kwana biyu sai ga Kofur a ƙofar gidana, ya tafi da ɗan'uwanka. Alƙali ya ba shi shekara biyu. Yana gidan yari a Kano.

Na zauna a kotun nan daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya ce ya gani da idonsa. Abu biyu aka kawo. Wai sun yi cacar baki da Gali a kan ruwa mako guda kafin nan. Wa ke da fadama a gefen Gali bai yi cacar baki da shi ba? Ni ma na taɓa zaginsa. Sai wata takarda da aka karanta, wai Gali ya ce shi ne. Takarda ce fara mai bugun keken rubutu, ba littafin Kofur ba, na lura. Ranar kuwa ɗan'uwanka yana gida yana yaɓen rumbu, ni ke miƙa masa ruwa. Aka ce uwa ba ta yi wa ɗa shaida, matarsa Safiya ma ba ta yi. To wa ake so ya gan shi a cikin gidansa, akuya?

An ce ana ɗaukaka ƙara cikin kwana talatin. Tara sun tafi. Ka rubuta mana da irin kalmomin da suke so. Kuma ka nemo littafin Kofur, ina so a karanta mini abin da Gali ya faɗa da bakinsa.

Ban taɓa roƙon ubanka komai ba har ya mutu. Wannan ma ba roƙo ba ne. Alu mai jaki zai zo ranar kasuwarku, ka ba shi amsa.

Lami mai daddawa.

*

Rano,
23 ga Mayu, 1960.

Zuwa ga Inna Lami,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan Allah ya ba ki sauƙin gwiwa. Muna lafiya. Ramlatu tana da juna biyu, tana gaishe ki.

Na sami takardarki. Ban manta da ƙyanda ba, kuma ba sai an tuna mini ba. Ga takardar ɗaukaka ƙara nan na buga, ki dangwala babban yatsa a inda na yi alama, ki ba Alu ya dawo da ita. Hujjar da na kafa ita ce babu shaidar gani da ido, kuma cacar baki ba duka ba ce.

Sai dai Inna, akwai gyara. Takardarki tun daga sama har ƙasa ba ki ambaci sunan Haliru ko sau ɗaya ba. Na san ɗan fari ne, na san alkunya ce. Amma kotun Kano ba ta san wani “ɗan'uwanka” ba. In aka kira ki za a tambaye ki sunansa, ki fara shiri.

Batun littafin Kofur, kayan hukuma ne, ba a ɗaukarsa a karanta wa mutum a zaure. In kotu ta nema za a aika. Kuma babu abin da za ki ji sabo a ciki. Kofur da ajami yake rubutu, bai iya boko ba, ni da kaina na juya maganar na buga ta a tafireta, ita ce takardar da kika ji an karanta.

Ina roƙonki kada ki riƙa rubuta sunana a bayan takarda kina ba Alu yana yawo da ita a kasuwa. Ni ma'aikaci ne, bai kamata a ga hannuna a cikin wannan magana ba. Kada kuma ki sa rai da yawa.

Tafiretarmu ba ta da haruffa masu ƙugiya, da alƙalami nake bi ina sa musu. In kin ga tawada a kan harafi ba kuskure ba ne.

Naki,
Abdulganiyyu.

*

Kibiya,
gero ya fara fitar da kai.

Abdulganiyyu,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take. Ka gaida mai cikin.

Wannan ita ce takarda ta huɗu tun da na dangwala yatsa. Uku sun tafi ba su dawo da komai ba. Na tambayi Alu ko jakinsa ke cinye su a hanya, ya rantse a hannunka yake sa su.

Ranar Litinin waccan na hau jakin da kaina na zo Rano. Wani mai jar hula a bakin ofishinku ya ce ka tafi rangadi. Kekenka yana jingine a gindin darbejiya, na gane shi, Alu ya faɗa mini mai koren sirdi ne. Da ƙafa ka tafi rangadin? Na zauna har la'asar na dawo. Kwana uku ban taka ƙasa ba.

Safiya ta je Kano ta gan shi. Ta ce an aske masa kai, yana tari, ana fita da su yankan ciyawa. Bai tambayi kowa ba sai fadamarsa, wai kada a bar kwarin jigon ya cike.

Maganar suna da ka yi. Shekara talatin da huɗu ban faɗi sunan nan ba, ko ranar da ya faɗa rijiya yana yaro “kai” na ce. Ba zan fara yanzu don keken rubutunka ba. Kai ka san sunan, rubuta.

Yaushe za a ji ƙarar? Abin da nake tambaya ke nan. Layi ɗaya ya ishe ni.

Lami mai daddawa.

*

Rano,
19 ga Satumba, 1960.

Inna Lami, gaisuwa. Muna lafiya. Aiki ya yi mana yawa saboda bikin mulkin kai, ana ta shafe ofis da farar kasa. Sako ya zo jiya. An daga kara wata biyu. Sai hakuri. Ina sauri ne.

Abdulganiyyu.

*

Kibiya,
kwana huɗu bayan bikin tuta.

Abdulganiyyu,

Lafiya ba lafiya ba, ga mu nan dai.

Wata huɗu ina jira ka aiko mini da wannan? An daɗa ƙara masa wata biyu. Na karanta sau bakwai, na kai wa Safiya na karanta mata, ta faɗi a tsakar gida tana birgima. Laifin me ya yi a can da za a ƙara? Ko don mun ɗaukaka ƙara ne ake hora mu? In haka ne me ya sa ba ka gaya mini tun farko ba, kai da ka yi makaranta har Kano?

Ka rubuta mini abu irin wannan a layi ɗaya kamar kana sanar da ni kaza ta mutu. Sai haƙuri. Kai ka taɓa yin haƙurin?

To ji abin da na yi. Lokacin zuba irin albasa ya zo. Da ina riƙe da fadamar, ina cewa ƙila a sake shi kafin sanyi ya shuka abinsa. Da na ga ƙari ake yi ba ragi ba, na kira Alu a gaban mai unguwa na ba shi aronta har baɗi. Ya riga ya zuba iri. Ƙasa ba ta jiran mutum.

An yi bikinku a nan ma. 'Yan makaranta sun yi maci, an raba musu ƙananan tutoci, an yanka sa a ƙofar hakimi. Aka ce yanzu mu ke mulkin kanmu. Na ce to madalla, a fara da buɗe wa nawa ƙofa.

Littafin Kofur fa? Kotu ta nema ko ba ta nema ba? Kada ka sake ce mini kayan hukuma ne. Yaron ma ai yanzu kayan hukuma ne.

Lami mai daddawa.

*

Rano,
10 ga Oktoba, 1960.

Zuwa ga Inna Lami,

Bayan gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Muna lafiya, Ramlatu ta yi nauyi.

Inna, ba a ƙara wa Haliru ko kwana ɗaya ba. Abin da na rubuta shi ne an ɗaga ƙara, wato an matsar da ranar saurarenta gaba da wata biyu. Sauri ya hana ni sa ƙugiya, amma “daga” na buga, ban buga “dada” ba, ki sake dubawa. Da kin nuna wa malamin makaranta kafin ki tayar wa Safiya da hankali ki kuma ba da fadama. Wannan ita ce matsalar rabin karatu. A wajen hukuma abin da aka rubuta shi ake bi, ba abin da mutum ya zata ba. Ki riƙe wannan.

Za a zauna ranar Litinin, 28 ga Nuwamba, a Kano.

Batun littafi, ina baƙin cikin sanar da ke. Kotu ta nema, an duba ba a same shi ba. Lokacin shafen ofis an kwashe tsofaffin littattafai an zuba a sito, rufin yana yoyo, gara kuma ta shiga. Wasu sun zama ƙasa. Ana jin nasa yana ciki. Kofur Sharu kuma an yi masa canji, amma za a kira shi ranar.

Don ki daina zargin ana ɓoye miki wani abu, ga kofen takardar da na buga na haɗo miki. Layin da ake magana a kai shi ne na uku: “Wanda aka buga ya ce Dan Lami ne ya buge shi.” Kin gani da idonki. Duk Kibiya wa ake kira ɗan Lami?

Ina iya ƙoƙarina. Zagi a takarda ba ya sa ranar kotu ta matso.

Naki,
Abdulganiyyu.

*

Kibiya,
ana yankan dawa.

Abdulganiyyu,

Ina gaisuwa. Gwiwa ta sake kumbura, yanzu za ka ji dalili.

Na yarda ni na karanta ba daidai ba. Fadama ta tafi, wannan nawa ne, na ɗauka. Amma tunda ka ce rabin karatu gare ni, sai na zauna da rabin nawa a kan takardar da ka aiko. Kwana uku ina kallon layi na uku.

Malamin ajinmu abu biyu ya dasa mana a ka. Tsakanin kalma da kalma a bar fili. Babban baƙi kuma na farkon magana ne da sunan mutum. To a tsakiyar layi ka buga Dan da babban baƙi. Me ya sa? In ɗana kake nufi, ɗa ai ba suna ba ne. Hannunka ya san suna yake bugawa, kai ne ka saka fili a tsakiya.

Ɗanlami. Wanda aka haifa ran Alhamis. A tsakanin Kibiya da Rano akwai su sun fi tumakin Fulani.

Kuma na tuna. Shekara goma Gali da ɗan'uwanka suna jan jigo kafaɗa da kafaɗa. Da sunansa yake kiransa, in sun yi faɗa ya ce masa mai ƙaton kai. 'Yan unguwarmu ne ke cewa ɗan Lami don masu sunan uku ne a layinmu. Gali ba ɗan unguwarmu ba ne. Ni tsohuwa yake ce mini, ban tabbata ya san sunana ba.

Na ɗauki daddawa na tafi Rurum. Matan maƙwabta suka gaya mini abin da kowa ya sani a can ba wanda ya tambaye su. Hansatu matar Gali tana da wa a Zurgu, Ɗanlami sunansa. Sun daɗe suna rigima da Gali kan dukan da yake yi mata. Washegarin abin ya tafi haƙar kuza Jos, bai dawo ko Salla ba. Na shiga gidan da sunan talla. Gali yana kan tabarma, baki a karkace, yawu na zuba. Na durƙusa na ce masa Ɗanlamin Zurgu ne? Ya runtse ido ya kama zanena. Hansatu ta fito da muciya. Na san kotu ba ta karɓar runtse ido, ba sai ka gaya mini ba.

Ni ban damu da Ɗanlami ba. Ya zauna a Jos har ya tsufa. Nawa nake so.

Saura abu ɗaya. Kofur Sharu baƙo ne, watansa biyu a ƙasar nan lokacin, bai san Lami ba bai san Laraba ba. Wa ya nuna masa gidana? Ranar da ya zo, a zaure na ji ya ce wa abokinsa, “Nan ne, akawu ya ce gida mai warin daddawa.” Lokacin na ɗauka hanya kawai ka kwatanta. Ashe ba hanya kaɗai ba.

Saura kwana ashirin da biyar. Ko ka zo Kano ka faɗi abin da ke cikin littafin nan da bakinka, ko ni in tashi a gaban alƙali in faɗi maganar zauren, in kira sunanka da na ubanka. Naka sunan ba ni da kunyarsa.

Lami mai daddawa.

*

Rano,
14 ga Nuwamba, 1960.

Inna,

Ina gaishe ki. Ramlatu ta sauka ranar Juma'a, mace, suna lafiya. Ban iya yin murna ba.

Zan gaya miki, don ki san inda za ki tsaya. Kofur ya kawo littafin ya ajiye a teburina ya ce in juya. Ajaminsa ba wasali, kuma gumi ya jiƙa shafin. Na karanta Ɗanlami, bayansa akwai wata kalma da tawada ta cakuɗe, ban gane ta ba. Sajen ofishinmu yana tsaye a kaina yana tambaya wane ne wannan. Ni kuma sabo ne a kujerar, ina so a ga na san ƙasa. Na ji labarin faɗansu kan ruwa. Sai na ce ai na san shi, ɗan Lami ne na Kibiya, ɗan'uwana ne ma. Saje ya yaba mini a gaban kowa, wai ban ɓoye nawa ba. Kalmar da ban gane ba na tsallake ta. Kofur ya sa hannu a abin da bai iya karantawa ba.

Wallahi Inna na ɗauka shi ne. Sai bayan an yanke hukunci, da takardarki ta farko ta zo, na ɗauko littafin na kai shi hasken taga. Kalmar “Zurgu” ce. Ɗanlami na Zurgu.

Ban ƙona shi ba, ban yaga ba. Da aka zo kwasar kaya ni na sa shi a ƙasan akwati ta gefen da ke yoyo. Na san abin da zai same shi. Ya same shi.

In na faɗi wannan a kotu aikina ya tafi, ƙila har a ɗaure ni. Mahaifiyata a wuyana take, ga jaririya. Ba zan zo ba. Amma ki saurara: ɓatan littafin da kansa hujja ce. Babu shaidar gani, babu asalin magana. Mai yiwuwa wannan kaɗai ya isa a sake shi ba tare da an taɓa ni ba. Ki ce wa alƙali a kawo littafi, ki tsaya a nan. In ya fito, duk abin da fadama za ta ba shi bana ni zan tsaya masa.

Ke kika raine ni a ciwo. Don Allah kada ki kashe ni da hannunki.

Abdulganiyyu.

Wannan takarda in kin karanta ki kona ta.

*

Kibiya,
sanyi ya sauka.

Abdulganiyyu,

Ina gaisuwa. Barka da arziki, Allah ya raya yarinyar. Gwiwa ta sha mota, ba ta gode ba.

Tunda ba ka zo ba bari in gaya maka, kada ka ji a bakin 'yan kasuwa su ƙara gishiri.

Mun je ni da Safiya. Aka shigo da shi, ya rame, wuyansa kamar na zakara. Alƙalin dattijo ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Na yi yadda ka ce. Na ce a kawo littafi. Aka ce gara ta ci. Na ce to ba shaidar gani, ba littafi, da me aka riƙe shi? Alƙali ya jinjina kai, na ce a raina yaron nan ya yi gaskiya, an gama.

Sai aka kira Kofur Sharu. Aka nuna masa takardarka mai hatimi, aka ce hannunka ne wannan? Ya ce nasa ne. Aka ce abin da Gali ya faɗa ke nan? Ya ce shi ne, Ɗanlami ya ji Ɗanlami ya rubuta. A baki ai duk ɗaya ne. Na miƙe na yi bayanin filin da babban baƙin, na faɗi na Zurgu. Wasu suka yi dariya a baya. Alƙali bai yi ba. Ya ce, “Iya, maganarki tana da kai, amma zato ce. Kofe mai hatimi da sa hannu yana tsayawa a madadin littafi, sai in akwai abin da ya nuna an juya shi ba daidai ba. Akwai?” Ya ɗauki alƙalami.

Ka ce mai yiwuwa. To bai yiwu ba. Na ba ka damarka har zuwa lokacin da mutumin nan ya tsoma alƙalami a tawada. Sannan na kwance bakin zanena na ciro takardarka ta ƙarshe da ka aiko mini na miƙa.

Ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Ya ba Kofur, aka karanta masa, Kofur ya dafe kai ya ce, “Zurgu, wallahi ya ce Zurgu, yanzu na tuna.” Dama bai manta ba, ba a taɓa tambayarsa ba ne.

Sai alƙali ya ce, “Iya, don a rubuta daidai wannan karon, wannan da ke tsaye wane ne sunansa, kuma mene ne shi a wurinki?” Safiya ta buɗe baki za ta amsa mini, ya ɗaga mata hannu. Na faɗa. Da ƙarfi na faɗa, har na bakin ƙofa suka ji. Shi kuma ya waiga yana neman wanda ya kira shi, bai san muryar da sunan ba. Harshena bai guntule ba.

Alƙali ya ce hujjar da aka ɗaure shi da ita ba ta tsaya ba, ya rushe hukuncin. Wata shida da kwana goma sha tara. Yana gida. Tarin bai tafi ba. Kullum da safe yana zuwa ya tsaya a bakin fadamarsa yana kallon albasar Alu.

Na san za ka ce ka ce in ƙona ta. Na duba da kyau, don na koyi duba takardarka da kyau. Duk sauran ka bi ka sa musu ƙugiya, layin ƙarshe ka manta. “Kona” ka rubuta. Ni ban san wata kalma kona ba, na tambayi Safiya ita ma ba ta sani ba. Kai ka ce mini abin da aka rubuta shi ake bi, ba abin da mutum ya zata ba, ka ce in riƙe. Na riƙe.

Alu ya ce an kira ka Kano. Ban yi murna ba, ban kuma yi kuka ba. Abin da ka ce za ka tsaya masa da shi na fadama, bar abinka, za ka buƙace shi. In sun sallame ka, kada ka zauna a Rano mutane suna nuna ka. Ɗakin marigayi yana nan ba kowa, ka kawo uwarka da mai jegon. Gonar tudu tana son hannu, akwai fartanya biyu a rumbu. Zai gaishe ka ko ba zai gaishe ka ba, wannan tsakaninku ne, ba zan sa baki ba.

Kada ka aiko da amsa. Na gaji da karatu.

Lami, uwar Haliru.